Falmaran mai ciko da zaɓen zare

Yau tun da hantsi na zauna kan gwajin zare, domin falmaran ɗin da nake so in saƙa ba na kullum ba ne. Ninki biyu zai zama, na waje da na ciki, a shimfiɗa ciko mara nauyi a tsakani, sannan a bi da ɗinki layi-layi don kada cikon ya taru a ƙasa. Riga irin wannan tana da nauyi, kuma kafaɗa ce ke ɗaukarsa duka, tunda ba ta da hannu.

Na saƙa ɗan gwaji da kowane zare, santimita 10 tsawo, 10 faɗi, na wanke, na shanya, na rataya kowanne da ɗan nauyi a ƙasansa in ga yadda zai yi.

Zaren alfaka ne ya fara sace min zuciya. Gashin wata dabba ce ta tsaunukan Andes, akasari daga Peru ake samunsa, ga laushi ga ɗumi. Amma da na rataya shi sai ya miƙe, bai koma yadda yake ba. Gashin alfaka ba shi da lanƙwasa sosai kamar na tunkiya, shi ya sa ba ya tsukewa bayan an ja shi. A mayafin wuya wannan zubowar kyau ce. A falmaran mai ciko kuwa, kafin lokacin sanyi ya wuce, ramin hammatar rigar zai sauko har haƙarƙari.

Ulun merino ya fi ba ni sha'awa a aikace. Gashin wasu tumaki ne da asalinsu daga Sifaniya ne, yanzu Ostiraliya ce kan gaba wajen samar da shi. Silinsa siriri ne ƙwarai, kaurinsa ƙasa da maikiron 24 (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), shi ya sa ba ya yin ƙaiƙayi a fata. Na ja shi, na sake, ya koma wurinsa. Sai dai merino kala biyu ne a hannuna. Wanda aka yi wa magani don ya jure injin wanki, an kashe ƙananan ɓawon da ke jikin silin, to da ya sha ruwa sai ya ƙara tsawo. Wanda ba a taɓa ba kuma ya riƙe siffarsa, amma ruwan zafi da cuɗa za su dunƙule shi ya zama tamkar bargo. Wankin hannu dai bai taɓa damuna ba.

Auduga ban ɓata lokaci a kanta ba, ta yi nauyi. Zaren roba na akirilik yana da sauƙin wanki, amma yana riƙe zufa, kuma ninki biyu da ciko zai dafa mutum.

Da yamma na yanke shawara: merino mara magani a waje, da allura mai milimita 4 don saƙar ta matse, cikon kada ya leƙo. Alfaka kuma zan sa shi a bakin wuya kawai, inda fata za ta ji daɗinsa. Na fara gefen baya kafin hasken rana ya tafi, yatsuna har sun fara tsami.