Na ajiye aikin laburare, ga abin da karanta na gida ya koya min

Ƙarshen watan nan zan miƙa makullan laburare, waɗanda muka yi aiki tare sun riga sun ji, kuma da yawa sun kira ni suna tambaya wai me ya yi zafi zan tafi alhali ba korata aka yi ba. Ba zan tsaya labarin katalog da buga hatimi da jera kanta ba, duk kun san wannan. Maganar da nake so in yi ta tsarin nan ce na karanta littattafan da mutum yake da su a gida, wanda nake yi duk shekara, da abin da ya same shi da ya shigo ofis, don daga nan ne ruwa ya yi tsami tsakanina da oga.

Tsarin ba wani abu ba ne mai wuyar ganewa. Farkon Janairu sai in zauna gaban kantata ta gida in zaro duk littafin da na saya ko aka ba ni kyauta ban taɓa buɗewa ba, ko na fara na watsar a babi na biyu, in ware su gefe guda. Daga ranar babu sayen sabo, babu sauke PDF a waya, babu aro, sai na ci ƙarfin waɗannan. Aikin ne da kansa ya ja ni ga yin haka. Duk wanda ya karanta ilimin laburare ya san dokoki biyar da Ranganathan ɗan Indiya ya kafa a 1931, ta farkonsu cewa take littafi don amfani aka yi shi. Ya kuma san binciken nan na Jami'ar Pittsburgh a Amurka da ya fito a 1979, inda suka bi sawun littattafan da laburarensu ya shigo da su a 1969 suka tarar kusan kashi 40 cikin 100 ba wanda ya are su ko sau ɗaya cikin shekara shida. Muna faɗa wa ɗalibai wannan muna girgiza kai, to ina ga kantocin gidajenmu da babu mai shiga sai mu? Na ga ba daidai ba ne in yini ina roƙon mutane su ari littafi alhali na gidana suna jiran mai buɗe su, guntun gatarinka ai ya fi sari ka ba ni.

Ban taɓa tallata shi ba. Abokan aiki ne suka ga ina zuwa da tsofaffin littattafai masu jan takarda suka tambaya, na faɗa musu, wasu suka ce su ma za su gwada. Lokacin hutun rana mukan zauna a ɗakin baya kowa ya faɗi inda ya kai, ba fom ba rajista ba wanda ke ƙirga wa wani. Akwai wata 'yar uwa a sashen yara da ta ɗauko littattafan da mahaifinta ya bari ta fara bi ɗaya bayan ɗaya, tana cin karo da rubutun hannunsa a gefen shafi, akwai maigadinmu da ya ce shi littafi ɗaya tal gare shi mai kauri kuma shi zai yi ta bi har shekara ta ƙare, kuma ya bi ɗin. Wallahi a duk zamana a wurin ban ga lokacin da ma'aikata suka yi maganar abin da ke cikin littafi kamar wancan lokacin ba, da maganarmu ba ta wuce lambar da ke jikin bango.

Sai oga ya shigo wata rana da yamma, zauren karatu ba kowa, ya same ni a tebur da littafina a buɗe. Na miƙe na gaishe shi, bai amsa ba, ya ɗaga littafin ya duba bai ga hatimin laburare ba ya ajiye ya wuce. Washegari takardar tuhuma ta iso, wai ina harkar kaina a lokacin aiki. Na ba da amsa a rubuce cikin ladabi, na ce ranka ya daɗe ba mai jiran a saurare shi a lokacin, aikin ranar na kammala, rajistar aro tana nan za a iya dubawa. Ba a duba ba. Da lokacin cike fom ɗin tantance ma'aikata na ƙarshen shekara ya zo sai ya rubuta min cewa ba na mai da hankali kan aiki kuma ina ɗauke hankalin na ƙasa da ni, wannan layin ɗaya shi ya sa ƙarin girma ya tsallake ni, waɗanda na koya wa yadda ake jera kanta suka wuce ni ina kallo. Ma'aikacin laburare fa, an hukunta shi don an gan shi yana karatu a cikin laburare. Har yau in na tuna sai in ji abu ya tokare min ƙirji.

Da a nan abin ya tsaya da na haƙura, don haƙuri ba baƙona ba ne a wurin. Amma shekara na zagayowa wasu manya daga hukumar gudanarwa suka kawo ziyara, wani cikin ma'aikata ya ba su labarin zamanmu na hutun rana, suka yaba sosai suka ce abu ne da ya kamata a faɗaɗa. Ranar 23 ga Afrilu, ranar littafi ta duniya da UNESCO ta ware tun 1995, sai ga ƙaton allo a ƙofar shiga da hoton oga a jiki, wai ya ƙaddamar da sabon shiri na karanta littattafan gida. Ya yi jawabi mai tsawo aka tafa, ko sunana bai ambata ba, ni ne ma aka sa jera kujeru. Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi.

Gaskiya ƙwacen bai ci min rai ba kamar yadda ya kashe abin. Ya fito da fom, kowa sai ya rubuta littafi nawa zai karanta a shekara, duk ƙarshen wata a kawo lissafi, wanda ya fi yawa a ba shi takardar yabo. Nan take mutane suka koma neman siraran littattafai, wanda ke fama da mai shafi 600 ya ajiye ya ɗauko masu shafi 50 guda goma, wasu suka fara rubuta sunayen littattafan da suka karanta tun suna makaranta, maigadi da littafinsa ɗaya ya ji kunya ya daina zuwa zaman gaba ɗaya. Da lissafin ya ƙi hauhawa yadda oga ke so sai ya ce ai na laburare ma da sabbin saye duk a riƙa sawa, shi ke nan na gidan suka koma kwalayensu. A mitin na ɗaga hannu na ce yallaɓai ina ganin ƙirgen nan ne ke korar mutane, da an bar kowa da saurinsa. Ya dube ni ya ce Malam abin da ba a ƙirga ba ba a yi shi ba, in manya suka tambaye ni me zan rubuta a rahoto? Na yi shiru, don na gane ba abu ɗaya muke nema ba, shi rahoto yake so ya cika ni kuma so nake littafin da ke kwance a gidan mutum ya samu mai karanta shi.

Shi ya sa duk wanda ya ce min zai fara wannan tsarin, abu na farko da nake faɗa masa kar ya sa wa kansa adadi. Na san manhajoji irin su Goodreads, wadda Amazon ta saya a 2013, suna sa mutum ya zaɓi lamba farkon shekara suna nuna masa ko yana gaba ko an bar shi a baya, wasu hakan na taimaka musu ban musa ba, amma ga littattafan gida illa ce, saboda waɗanda suka daɗe a kanta yawanci masu nauyin ne, dalilin da ya sa aka yi ta ɗaga su kenan, in ka sa lamba su za ka sake tsallakewa. Lokaci za ka yanka, ba adadi ba. Wani masani a Jami'ar Ghent ta Beljiyam, Marc Brysbaert, ya tattara bincike masu yawa a 2019 ya samu cewa baligi na karanta kalma kusan 238 a minti in rubutun Turanci ne da ba ƙagaggen labari ba. Ke nan littafi mai kalma 80,000 bai kai awa shida ba, in kana ba shi minti 20 kullum ba za ka cika sati uku ba ka gama. Ko saurinka rabin haka ne ba za ka cika sati biyar ba.

Za ka haɗu da masu kawo maka labarin Umberto Eco, marubucin Italiya da ya tara littattafai sama da 30,000, su ce ai tara wanda ba a karanta ba ma ilimi ne. Mutumin nan rayuwarsa kaf a karatu da bincike ta ƙare, kantarsa kayan aikinsa ce, mu kuma yawancinmu marmari ne ya sa muka saya, marmarin ya wuce littafin ya zauna. Kuma littafi ba ya jiran mutum har abada, yawancin takardar da aka yi da niƙaƙƙen itace tun tsakiyar ƙarni na 19 akwai sinadari mai tsami a jikinta, shi ke sa ta yi ja ta riƙa karyewa, ga danshi ga gara ga kyankyaso, duk mun sha fitar da kwalayen da aka buɗe aka tarar ba abin ɗauka.

In ka ba littafi shafi 50 ka ji ba naka ba ne kar ka mai da shi kanta, ba wa wanda zai karanta, wannan ma an sauke nauyi. Ka haɗa mai nauyi da mara nauyi kana canzawa. Ka riƙe biro. A wurin aiki kuma duk shawarar da za ka kawo sa ta a takarda da kwanan wata ka ajiye kwafi, sannan ba kowane abu mai kyau ne ake kai shi ofis ba.

'Yan uwa da ke can har yanzu, zaman namu bai mutu ba, mun mai da shi waje ranar da ba aiki kuma maigadi ya dawo, ya gama wancan ya karɓi na biyu a hannun 'yar uwarmu ta sashen yara. Wanda ke so ya zo ƙofa a buɗe take, sharaɗin dai littafin ya zama na gidanka ne kuma ba mai tambayarka guda nawa. Takardar tuhumar nan kuwa tana cikin fayil ɗina har yanzu, na rubuta ina neman a cire ta ba a ba ni amsa ba, zan sake rubutawa kafin in miƙa makullan, kuma wannan karon zan aika wa hukumar gudanarwa kwafi.