Direbar da na saya a hunturun Jos

Duk wanda zai sayi direba a Jos, wato sandar golf da ake bugun nesa da ita, ina roƙonsa kada ya gwada ta a watan Janairu. Ko mai kayan ya matsa, ya ce masa a bari sai ruwa ya sauka. Har yau in na tuna kuɗin da na zuba a kan sanda ɗaya saboda abin da idona ya gani a hunturu, sai raina ya ɓaci.

A Rayfield nake wasa, tsohon filin nan da aka kafa tun 1913, zamanin Turawan kuza. Wanda ya san shi a watannin sanyi ya san yadda ƙasa ke bushewa ta ƙanƙare, ciyawa ta ƙone. A irin wannan lokaci ne wani mai shigo da sanduna na hannu daga waje ya kawo mini direba mai digiri 9 (kwanciyar fuskar sanda ke nan, wadda ke ɗaga ƙwallo sama), ƙotarta mai tauri, kanta kuma irin wanda aka ƙera don rage juyawar ƙwallo. Ya ce irinta ƙwararru ke riƙewa, kuma bai yi ƙarya ba. Na ɗora ƙwallo na buga. Ba ta yi sama ba, ƙasa-ƙasa ta tafi, amma da ta dira sai ta yi ta gudu har ta wuce inda tsohuwar sandata ke kai ni da kusan yadi 20. Ga sauti mai kauri, gajere, hannuna ko girgiza bai ji ba. Yaron da ke riƙe mini jaka, wanda ya fi ni sanin filin nesa ba kusa ba, ya matso ya ce, "Oga, ƙasa ce ke buga maka wannan, ba sanda ba." Mai kayan ya yi dariya, ya ce yaro bai san kaya ba. A ranar na biya. Sabuwar direba ta manyan kamfanoni tana kai dala 600 a Amurka, to ko ta hannu ce, in aka juya kuɗin zuwa naira, mai albashi sai ya ji a jikinsa.

Da damina ta kankama aiki ya kai ni Abuja, na shiga filin IBB a watan Agusta. A can sandar ta nuna mini halinta. Ƙasa ta sha ruwa, ƙwallo inda ta faɗi nan take tsayawa, wani lokaci har ta ɗan nutse. Filin kuma ga tafkuna ga rafuka, kuma rafi ba ruwansa da gudun ƙasa, sai ka tsallake shi ta sama. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne karkacewa. A Jos ƙwallona na ɗan jirkicewa dama amma tana nan cikin fili, a Abuja kuwa sai ta tashi tiryan, can a rabin hanya ta yanke ta shige cikin itatuwa. Abokan wasa sun yi kara ba su ce komai ba, amma ƙwallayen da na zubar a ruwa a ranar sun isa bayani.

Abu biyu ne suka rufa wa sandar asiri a Janairu. Na farko taurin ƙasa. Na biyu iskar Jos. Garin yana kan tudu, kusan mita 1,200 sama da teku, iskarsa ba ta da nauyi, don haka ƙwallo tana ƙara nisa da kusan kashi 5 cikin 100 a kan abin da za ta yi a bakin teku kamar Legas. Iskar da ba ta da nauyi kuma ba ta kama ƙwallo sosai, saboda haka karkacewar ma raguwa take yi. Abuja tana ƙasa da Jos, sai duk aibin da tudu ya ɓoye ya fito fili. Sanda mai ƙarancin digiri ita ma tana ƙara wa karkacewa ƙarfi. Ashe duk wannan ne yaron nan ya dunƙule a magana ɗaya, aka yi masa dariya.

Wani mai koyarwa a Abuja ya ɗora ni a kan na'urar auna bugu. Gudun sandata mil 88 ne a awa. 'Yan gasar PGA, ta manyan ƙwararru a Amurka, matsakaicin nasu ya haura mil 110, shi ya sa suke neman kai mai rage juyawa, don ƙarfinsu kaɗai ya isa ya ɗaga ƙwallo. Ni da nake buƙatar abin da zai ɗaga mini ita, sai ga ni da abin da ke danne ta. Ƙwallona na tashi a digiri 8, juyawarta ba ta kai 2,000 a minti ba, tana dira a yadi 185. Ya miƙo mini wata mai digiri 12 da ƙota mai ɗan laushi. Ta tashi a digiri 14, juyawa ta kai 2,600, ta dira a yadi 208. Hannu ɗaya, bugu ɗaya, rana ɗaya. Ya ce, "Yallaɓai, sandarka ba ta da laifi, ba dai ta hannunka ba ce."

Sai ya fesa farar hoda a fuskar sandar, ya ce in yi bugu goma. Da na duba, tambarin ƙwallo ya warwatsu, yawanci can wajen gindin ƙota, ƙasa da tsakiya. Biyu ne kawai suka sami tsakiya. Wannan hodar ta canja mini tunani a kan maganar nisa gaba ɗaya. Hukumomin da ke tsara dokokin golf, R&A da USGA, sun ƙayyade girman kan direba kada ya wuce cc 460, sun kuma ƙayyade yadda fuskarta za ta iya cilla ƙwallo. Ke nan in ka sami tsakiya daidai, sandunan manyan kamfanoni duk kusan wuri ɗaya za su kai ka, duk abin da talla za ta faɗa. Bambancin yana cikin bugu takwas ɗin da ba su sami tsakiya ba. Kai mai rage juyawa an matso da nauyinsa gaba kusa da fuska, in ka kuskure sai ya murɗe a hannunka, ƙwallo ta rasa gudu ta rasa hanya. Kai mai yafiya an tura nauyinsa baya da gefe-gefe, ba ya saurin murɗewa. A kan wannan ne kamfanoni ke ta gasa yanzu, kamar yadda Ping ta fitar da G430 Max 10K, TaylorMade kuma ta fitar da Qi10 Max, duk a 2024.

Na gwada ceto kuɗina kafin in haƙura. Na sa mabuɗi na murɗa wuyan sandar, na ɗaga digirin iyakar yadda zai ɗagu, wanda a yawancin sanduna bai wuce ɗaya da rabi zuwa biyu ba. Ƙwallo ta ɗan yi sama, amma nauyin yana nan gaba, ƙotar tana nan da taurinta. Mabuɗi ba ya canja asalin ƙira.

Wadda nake riƙewa yanzu ita ma ta hannu ce, ta girmi waccan da shekaru, digiri 12, faffaɗan kai, kuɗinta bai kai rabin na waccan ba. Sai da na sa mai koyarwar ya duba ta tsaf kafin in biya, don jabu sun yi yawa a wannan harka. Sautinta kuwa ban so shi ba, kuma har yanzu ban gama sabawa ba: ƙara take yi kamar an doki gwangwanin da ba komai a ciki, mutanen da ke rami na gaba har waiwaye suke yi. Ba na raina maganar daɗin hannu, don sandar da ba ka son ganinta a bayan ƙwallo za ta sa ka ƙanƙame ta, bugu ya lalace. Amma daɗin da na ji a waccan, na bugu biyu ne cikin goma, sauran takwas ɗin zafi suke yi har gwiwar hannu, ni ne dai na riƙa tuna masu daɗin. Ba girin-girin ba, ta yi mai. A wurina yanzu yafiya ce gaba, nisa yana biye da ita da kansa, daɗin hannu na uku.

In dole sai a rani za ka gwada, tura yaron jakarka ya tsaya can gefe ya sa alama a inda ƙwallo ta fara dira, ka manta da inda ta tsaya. Ka buga da irin ƙwallon da kake wasa da ita, kuma ka auna sandar da munanan bugunka uku, don su ne ke cinye maka maki. Na yarda, in hunturu ya dawo waccan sandar tana iya wuce wannan a Rayfield ranar da hannuna ya yi daidai. Amma daminar Jos daga Afrilu take har Oktoba, fiye da rabin shekara ke nan, ban da ranakun da mutum zai sauka Abuja ko Kaduna.

Abin da ya rage mini shi ne tsawon ƙota. Yawancin direbobin kanti sun haura inci 45, alhali ƙwararru da dama da gajeru suke wasa don su riƙa samun tsakiya. Hodar ta nuna har yanzu ina bugawa kusa da gindi, don haka mun shirya da mai koyarwar zai rage mini inci ɗaya, ya manna ɗan guntun dalma a ƙarƙashin kan don nauyin ya koma daidai, sannan mu sake aunawa kafin ruwa ya ɗauke.