Maki takwas

Tun asuba ake ruwa, ban fita ba sai bayan azahar.

Abin da ya tsaya mini a rai yau shi ne maganar da muka yi da Auta a kan Tejaswin Shankar, ɗan wasan guje-guje da tsalle-tsalle na Indiya. Ya same ni a zaure ina sake kallon tseren mita 1500 na Wasannin Asiya da aka yi a Hangzhou a Oktoban 2023, wato na ƙarshe a gasar decathlon, jerin wasanni goma da kowane ɗan wasa ke kammalawa cikin kwana biyu, a haɗa makin da ya samu a kowanne. Ya leƙa wayar ya ce, "Yaya, ai azurfa ya samu, ɗan ƙasar Sin ne ya ɗauki zinariya, me kake ta maimaitawa?"

Na ce masa ya dubi lissafin. Ɗan Indiyan ya tara maki 7666, alhali bajintar ƙasarsa, wato maki mafi yawa da wani ɗan Indiya ya taɓa tarawa kafin nan, wadda Bharatinder Singh ya kafa tun 2011, maki 7658 ce. Tazarar maki takwas ce kacal, kuma a wannan tsere maki takwas ba su kai daƙiƙa biyu ba. Da ya ɗan sassauta ƙafa a kwanar ƙarshe, bayan wasanni tara sun gama cinye masa jiki, da tsohuwar bajintar ba ta faɗi a daren nan ba.

Sai Auta ya ce shi abin da bai gane ba shi ne dalilin da mutum zai bar sana'ar da ya ƙware a kai. Na yi shiru, domin tambayar tana da nauyi. A tsallen sama aka san Shankar: ya tsallake mita 2.29 a 2018 yana ɗalibi a Jami'ar Jihar Kansas ta Amurka, ya lashe gasar jami'o'in ƙasar sau biyu, sannan ya ci tagulla a Wasannin Commonwealth da aka yi a Birmingham a 2022, bayan sai da ya kai ƙara babbar kotun Delhi kafin a saka sunansa cikin tawagar Indiya. Wanda ya sha wannan wahala a kan wasa ɗaya shi ne ya koma yana koyon jifan faifai da tsalle da sanda, inda waɗanda ba su kai shi suna ba suke wuce shi a gaban jama'a.

Ni a ganina wannan ya fi lambar azurfar girma. Ba kowa ne zai yarda ya koma ɗan koyo ba bayan an riga an yi masa tafi, kuma tun 1974, shekarar da Vijay Singh Chauhan ya ci zinariya a Tehran, Indiya ba ta sake samun lamba a wannan fanni a Wasannin Asiya ba sai a hannunsa.

Auta bai gamsu ba, ya ce azurfa dai azurfa ce, ya tashi don an kira magariba. Har muka dawo daga masallaci ban daina juya tambayarsa ba.