Monitanmu ne ya ɗaura auren

Ranar Juma'ar da ta wuce na je wani ɗaurin aure can wajen Ƙofar Mata, kuma wallahi har yau abin bai bar raina ba. A gurup ɗinmu na WhatsApp aka turo katin, na 'yan firamaren da muka gama a 1994, wanda gaskiya ban cika leƙawa ba don ba abin da ake yi sai barka da Juma'a da rigimar siyasa. Wata 'yar ajinmu ce za ta aurar da 'yarta ta biyu. Ta biyu fa! Ita dama tana gama aji uku na sakandare aka yi mata aure, yanzu har da jika, ni kuwa babban ɗana bana ya shiga aji uku na firamare. Ni a kaina har gobe yarinyar nan ce mai guntun hijabi da ke zuwa da robar gyaɗa tana sayar mana in an fita tara.

To ana idar da sallah aka matso gaba, ga goro ga alawa ga dabino, liman ya karɓi lasifika ya fara tambayar ina waliyyi ina wakilin ango, nawa ne sadaki, lakadan ne ko ajalan. Ni ban ma kalle shi ba da farko, muryar ce ta dake ni. Na ɗaga kai, rawani, gemu har da furfura, mutane sai Allah gafarta Malam suke yi, ashe monitanmu ne! Mutumin da in malami ya fita yake yago takarda ya rubuta sunan masu surutu, mu kuma mu lallaɓa mu ba shi hanjin ligidi ko awara biyu ya goge, wataran ya ci ya kuma miƙa sunan haka nan mu sha bulala. Da ya ce a yi salati ga Annabi masallacin ya yi tsit, na ce oho, ashe dai aikin bai canja ba.

Ina cikin wannan mamakin sai aka dafa ni ta baya. Abokin bencina ne, mu uku muke zama a benci ɗaya, kwandala ɗaya mu raba ta uku, tare muke tashe da azumi, tare muka sha gudu daga islamiyya mu tafi ƙwallo mu dawo ƙafa futu-futu a gane mu. Rabona da shi tun yana acaɓa kafin a hana a Kano a 2013, ashe daga nan Kantin Kwari ya shiga yaron shago, yanzu shagonsa biyu na atamfa da shadda, ga tumbi masha Allah, ga samari biyu a bayansa ɗaya riƙe da mukullin mota.

Nan fa na rasa me zan ce masa. Sunan da muke kiransa da shi ya zo min har baki, amma sunan tsokana ne, ba zai faɗu a gaban yaran da ke durƙusa masa ba. Sai na ji na ce Alhaji barka da Juma'a, shi ma ya ce ranka ya daɗe ya iyali, muka tsaya muna gaisuwa kamar surukai. Abin ya ɗan sosa min rai gaskiya. Na tambaye shi na ukunmu, ya ce ai soja ya shiga, rabon da a ji ɗuriyarsa tun yana Maiduguri. Muka yi shiru.

Can an fara addu'a kowa ya ɗaga hannu, sai ya sunkuyo daidai kunnena ya kira ni da nawa sunan, wanda ko matata ba ta sani ba kuma ba zan rubuta shi a nan ba ko za a ba ni miliyan. Dariya ta taso min na danne na danne ta ƙi, shi ma kafaɗarsa sai rawa take, manya da mu da furfurarmu. Liman ya ɗago ya zuba mana ido ta saman tabarau bai fasa addu'ar ba. Alhaji ya ce min a hankali, shi ke nan ya rubuta mu, kana da awara?