Albarushin libarba magnum: abin da na koya a teburin ɗuri

Tun da aka fara sayar da bindigogi da lasisi a baje kolin shaho da farauta na Malham, arewa da Riyad, samarinmu Hausawan Jidda da Makka suka kama hirar .357 da .44 Magnum, wato harsasai masu ƙarfi na libarba, ƙaramar bindigar hannu mai ganga mai juyawa. Ɗan yayata ya ce min, "Kawu, wane albarushi ne ya fi ƙarfi?" Na ce masa, "Ɗana, fara gaya min nauyin dalmar da za ka harba da abin da za ka harba da ita, sannan mu yi zancen albarushi."

A Teksas ta Amurka na koyi ɗurin harsashi da hannu, lokacin da nake karatu da tallafin Sarki Abdullah. Dokar can ta hana mai bizar karatu riƙe bindiga ko harsashi sai in yana da lasisin farauta, don haka shi na fara yanka. Wani dattijo maƙwabcinmu ne ya buɗe min garejinsa. A nan Saudiyya kuwa ban kafa tebur ba kuma ba zan kafa ba, domin abin da lasisin Ma'aikatar Cikin Gida ya ba ka, nan ne iyakarka.

Duk albarushin zamani marar hayaƙi ne, bambancinsu yana wajen saurin ci. Wani yakan kama kamar busasshiyar ciyawa, wani kuma kamar gawayin ƙirya, a hankali, zafinsa na daɗewa. Kwanson magnum, wato bawon harsashi da ake zuba albarushi a ciki, dogo ne. Na .357, wanda kamfanonin Smith & Wesson da Winchester suka fitar a 1935, ya ɗara na harsashin .38 Special tsawo da kusan kashi ɗaya cikin takwas na inci. Wannan fili shi ne tushen maganar duka.

Da mai saurin ci muka fara, irin su Bullseye da Unique, don harbin takarda. Suna da auki, gwangwani ɗaya sai ya kai ka nesa, kuma bindiga ba ta shuri sosai. Amma ɗan kaɗan ake zubawa, ya kwanta can ƙasan kwanso, har mutum zai iya zuba awo biyu bai lura ba, wanda hakan kan tarwatsa gangar libarba. Shi ya sa dattijon ba ya ɗora dalma sai ya jera kwansayen a katako mai ramuka, ya ɗauki tocila ya bi su layi-layi, yana sunkuyo da tabarau a ƙarshen hanci, yana neman wanda cikarsa ta saɓa da ta 'yan'uwansa. Ko waya ta yi ƙara ba ya ɗauka sai ya kai ƙarshen layi. Wannan ɗabi'a na ɗauke ta ɗungurungum.

Wanda ke son cikakken ƙarfin magnum, wajen H110 yake zuwa, ko Winchester 296, waɗanda albarushi ɗaya ne da suna biyu. Yana cika kwanso, ba wurin awo biyu, kuma yana tura dalma mai nauyi da gudu na ban mamaki. Sai dai ba ya son wasa. Kamfanin Hodgdon ya daɗe yana gargaɗin kada a rage shi fiye da kashi 3 cikin 100, domin in ya yi ƙaranci ba ya kamawa da kyau, dalma ta iya maƙalewa a cikin bututu, harbi na biyu ya same ta a hanya. Yana buƙatar firaima ta magnum, wato ƙwayar da ke kunna wuta a gindin kwanso, da kuma matse bakin kwanso ƙam a jikin dalma. In matsin ya yi sako-sako, shurin bindiga kan zaro dalmomin da ke sauran ramuka har ganga ta ƙi juyawa. Da almuru na ga harshen wutar da yake fitarwa daga gajeren bututu, ya haske fuskar mai harbi tas. Wutar nan galibi iskar albarushi ce mai zafi da ta kama a waje, ba ta yi wa dalma aikin komai ba. Haka kuma dalma marar nauyi, mai giren 125 (giren ƙaramin ma'aunin nauyi ne), in aka yawaita ta da irin wannan ɗuri, zafin kan ci ƙarfen saman ganga, har an san tsofaffin libarba Model 19 na Smith & Wesson da tsagewa a mashigar bututu.

Ni dai a kan 2400 na tsaya, kuma har yau shi zan nuna wa mai koyo. Tsohon albarushi ne, da shi Elmer Keith, wani Ba'amurke masanin bindiga, ya riƙa ƙara wa harsashin .44 Special ƙarfi har aka kai ga haihuwar .44 Magnum a tsakiyar shekarun 1950. Bai kai H110 gudu ba, amma yana yarda a sassauta shi, yana kamawa da firaima ta yau da kullum, kuma yana tafiya da dalmar zubi. Aibinsa datti. In ɗurin ya yi sauƙi yakan bar 'yan ƙwayoyi da ba su ƙone ba, ɗaya ta shige ƙarƙashin tauraron da ke fitar da kwanso, sai ganga ta ƙi rufuwa. Maganinsa shi ne ka ɗaga bakin bindiga sama lokacin zubar da kwansaye, ka kuma ajiye tsohon buroshin haƙori a jaka.

Adadin awo kuwa ba na faɗa wa kowa da baki, ko ɗan da na haifa. Giren 15 da 'yan kai ne ke yin giram ɗaya, kuma kuskuren giren guda a mai saurin ci ya isa ya ketare iyakar matsi, wadda take 35,000 psi (ma'aunin matsi) ga .357 da 36,000 ga .44. Awo daga littafin kamfanin albarushi ake ɗaukarsa, na wannan dalma da wannan firaima, a fara daga ƙasa a hau sannu-sannu. Gwangwani ɗaya tak ake ajiyewa a kan tebur, kuma in an tashi aiki a juye ragowar cikin gwangwaninsa nan take, domin da yawansu ido ba ya iya rarrabe su.