Inda na kwana da kibau na: awo, tauri da harbin mita 50

Salam 'yan uwa masu koyon baka. To kibau ɗinnan na gora da nake ta fama da su sun fara jin magana, shi ne nace bari in rubuta inda aka kwana tun kafin in manta lissafin, don na san akwai waɗanda suka tsaya a daidai inda na daɗe a tsaye, wato a mita 15 ko 18 komai lafiya lau kibau na taruwa waje ɗaya kamar an jera su da hannu, amma da ka ja baya zuwa mita 40 ko 50 sai kaga ɗaya ta tafi sama ɗaya ta ci ƙasa ɗaya ma sai an shiga kara ana nemanta, kai kuma ka zauna kana zargin hannunka ko bakanka. Sau da yawa ba hannun bane, kibau ɗin ne ba ɗaya suke ba ko da ido na ganinsu iri ɗaya.

Wani ya tambaye ni wai me ya hana mu yi irin abin da maharban Amurka ke yi na haɗa harsashinsu da kansu don harbin nesa. Malam wannan ba hanyarmu bace, dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta hana mutum ƙera bindiga ko harsashi a gida, magana ta ƙare. Abin da na ɗauka a wajensu ɗabi'a ce kawai: auna komai, canja abu ɗaya tak a lokaci guda, ka rubuta. Wannan kuwa a kibiya ma yana aiki sosai.

Na fara da nauyi. Na samo ƙaramin sikelin nan na dijital irin na masu sayar da gwal, mai karanta har 0.01 na giram, ba tsada, a kasuwar Sabon Gari ana samu. Turawa da wani ƙaramin ma'aunin nauyi mai suna giren suke lissafi, giram 1 daidai yake da giren 15.4, amma ni dai giram nake bi don shi sikelina ya sani. Da na ɗora kibau na ɗaya bayan ɗaya wlh sai da na yi dariya, akwai mai giram 24 da ɗoriya akwai mai kusan 29, kuma duk tsawonsu ɗaya, santimita 75.

Ga dalilin da ya sa wannan ke da muhimmanci, ku ɗan yi haƙuri da lissafi. Duk abin da aka saki a iska yana faɗuwa mita 4.9 a daƙiƙar farko. Baka irin nawa mai ƙarfin ja fam 35 yana ɗaukar wajen daƙiƙa guda kafin ya kai kibiya mita 50, kenan ana maganar faɗuwa ta kusan mita 5 da kake ramawa da ɗaga saiti. To in kibiya ta fi 'yar uwarta da giram 1 a cikin 26, kusan kashi 4 cikin ɗari kenan, gudunta zai ragu da abin da ya kai kashi 2, lokacin da take ɗauka a iska ya ƙaru da kusan haka, ita kuma faɗuwa tana bin lokaci ne sau lokaci, sai ta ƙaru da kusan kashi 4. Kashi 4 na mita 5 kuwa santimita 20 ne, taƙi guda cur. A mita 15 wannan bambancin bai kai santimita 2 ba, shi ya sa ba ka ganinsa. Ka tuna a gasar Olamfik mita 70 ake harbi, faɗin faifan da ake harba santimita 122 ne, da'irar maki 10 ɗin tsakiya kuwa 12.2 kacal, kaga taƙi guda ba wasa bane.

Yanzu na ware su rukuni rukuni, duk rukuni kada bambanci ya wuce rabin giram. Wadda ta ɗan gaza sai in ƙara mata naɗin zare a wuya, wadda ta yi nisa da kowa sai ta koma kwarin wasa da yara.

Sai tauri, wanda shi ne ya fi cin lokaci kuma shi ne mutanenmu suka fi rainawa. Kibiya ba miƙe take fita daga baka ba, tana lanƙwasa tana kewaye jikin bakan sannan ta tafi tana kaɗawa kafin ta daidaita. In ta cika tauri ga ƙarfin bakanka ba za ta kewaye da kyau ba, in ta cika laushi kuma sai ta wuce gona da iri. Na'urar awon ba sai ka saya ba. Katako na samu na kafa ƙusa biyu tsakaninsu inci 26, wato santimita 66, na cika gorar ruwa da yashi har ta kai giram 907, fam 2 kenan, na ɗaura mata ƙugiya ta waya. Ka kwantar da sandar a kan ƙusoshin, ka rataya gorar yashin a tsakiya daidai, ka karanta a rula nawa ta sauka. Ƙa'idar da masu kibiyar katako ke bi ita ce ka raba 26 da yawan saukar a inci, abin da ya fito shi ne taurin a fam. Sandar da ta sauka milimita 16 da rabi, inci 0.65 kenan, taurinta fam 40.

Abin da ya ban mamaki da gora shi ne ba ta da tauri ɗaya ta kowane gefe. Ka juya ta kaɗan a kan ƙusoshin sai kaga rula ta canja, wani lokaci har milimita 2 ko 3. Don haka sai in juya in juya har in gano gefen da ya fi tauri, in ɗiga masa alama da biro, sannan in yanka tsagar gindi, wato inda tsirkiya ke shiga, yadda wannan gefen zai kwanta a jikin baka a kowace kibiya. Wannan kaɗai ya rage min watsuwar hagu da dama fiye da duk wani gyara da na yi. Gindin gorar mai kauri shi nake sawa gaba wajen kai. Miƙar da sanda kuwa a kurfoti nake yi, garwashi ba harshen wuta ba, ka riƙa murza ta har ta yi zafin da yatsa ba zai jure ba, ka lanƙwasa a hankali da tsumma a hannu, ka fara da tsakanin gaɓoɓi sannan gaɓar kanta, don a gaɓa take karyewa in ka yi gaggawa.

Kawunan kuwa wani maƙeri ya buga min daga manyan ƙusoshi, marasa kaifi marasa kunne, na harbin kwali dai. Da na ce masa ina so duk su zo nauyi ɗaya sai ya kalle ni yace "Ɗan nan gwal za ka harba ne?" Amma ya yi, sauran kuma na ƙarasa da zarto a gida ina gogawa ina ɗorawa a sikeli. Gam ɗin Aradait nake sawa in manne su, sannan naɗin zare a bakin gorar don kada ta tsage. Bayan nan sai in ɗora kibiyar a bayan wuƙa in nemo inda take daidaita, in auna nisansa daga tsakiya in raba da tsawonta. Nawa santimita 8 gaba da tsakiya a 75, kashi 10 da ɗoriya kenan, kuma yana tafiya daidai. Wani dattijo tsohon maharbi da muke sallah tare ya nuna min tasa ta kyauro, ba gashin tsuntsu ko ɗaya a gindinta, sai dogon ƙarfe a gaba mai nauyi, yace "Yaro mu ai kusa muke zuwa, mu da dafi muke aiki ba da nisa ba". Nauyin gaban nan shi ke riƙe ta a hanya, hikima ce babba, sai dai buƙatarsu daban tamu daban.

Gwajin da ya fi gaya min gaskiya shi ne na kibiya tsirara. Ka bar biyu ba gashi, ka harba su tare da masu gashi a mita 15 zuwa 18. Ga mai jan tsirkiya da dama kuma kibiya na kwance a hagun baka: in tsirarun suka faɗa hagu da sauran sun yi tauri, in dama sun yi laushi. Mai jan hagu ko mai ɗora kibiya a ɗaya gefen sai ya juya maganar. In sun faɗa ƙasa alamar da ke kan tsirkiya, wato inda ake ɗora gindin kibiya, ta yi sama, in sama ta yi ƙasa, kuma wannan ake fara gyarawa. Nawa hagu suka riƙa zuwa. Hanya biyu ce, ko ƙara nauyin kai ko barin sanda da tsawo, duka biyun suna sa ta laushi. Tsawo ya riga ya yanku, don haka nauyin kai na canja, kuma ban taɓa komai ba sai shi, har tsirarun suka shigo cikin sauran.

Gashi na talotalo nake sawa guda uku, kuma dole duk na fiffike ɗaya ne, dama da dama hagu da hagu, in ka gauraya sai su yi ta jayayya da juna. Manya suna saurin daidaita kibiya amma suna cin gudu, ga iskar hunturun nan da ke bugowa daga arewa maso gabas tana kwashe su a mita 50, shi ya sa na rage tsayinsu kuma na koma fita bayan asuba kafin iska ta tashi. Hunturun ma yana busar da gora, awon da ka yi da damina kada ka amince da shi yanzu, sake aunawa, ka shafa banish ɗin kafintoci. Kafin kowane harbi ka ɗan lanƙwasa sanda kusa da kunnenka, in ka ji ƙas ƙas ka karya ta ka jefar, gorar da ta tsage a hannun da ke riƙe da baka take shigewa.

A gonar wani abokina ta hanyar Madobi muke yi tunda an girbe, mai unguwa ya sani, tsohuwar katifa ninki biyu a bayan kwali, kuma mutum ɗaya aikinsa kawai duba yara da awaki. Kowace kibiya na rubuta mata lamba, sai na lura mai lamba 7 kullum ita ce ke fita sama ta dama ko wa ya harba, alhali nauyinta da taurinta daidai suke da sauran. Ina zargin tsagar gindinta ce ta karkace ko ta matse tsirkiya, ita zan gyara a satin nan kafin in matsa mita 60. Wanda ya san inda ake samun kyauro mai kauri madaidaici a nan kusa, ko a kasuwar Kurmi ko ƙauye, dan Allah ya sanar da ni, ina so in ɗora shi a kan ƙusoshin nan in ga me rula za ta ce.