Ahwiaa, garin masassaƙan kujerun Asante

Daga zangon Aboabo, inda na sauka gidan kawuna a Kumasi ta ƙasar Gana, zuwa Ahwiaa ba wata tafiya ba ce. Mun shiga tirotiro, wato ƙaramar motar haya, a tashar Kejetiya muka ɗauki hanyar Mampong, kafin gine-ginen birni su ƙare har mun iso. Ba sai an nuna maka garin ba. Rumfuna ne jere a bakin titi, saran gizago na tashi ta ko'ina, ɓarɓashin farin itace ya lulluɓe ƙasa.

Na daɗe a rumfar wani dattijo ina kallon hannunsa. Daga gungume ɗaya yake fitar da kujera, ba ƙusa ba gam: gindi a shimfiɗe, mazauni a lanƙwashe kamar jinjirin wata, sai tsakiya inda gwaninta take. Tsakiyar ce ke faɗin matsayin mai ita, shi ya sa a al'ada siffar giwa da ta damisa na Sarkin Asante ne kaɗai. Idan babu kowa a kan kujera, jingine ta ake yi a karkace. Idan sarkin kirki ya rasu, sai a baƙanta tasa a ajiye a ɗaki na musamman. A nan na fahimci abin da ya sa Yaa Asantewaa, sarauniyar garin Ejisu, ta ja mutanenta yaƙi a 1900, da gwamnan Ingila ya nemi a kawo masa Kujerar Zinariya, wadda Asante ke ɗauka a matsayin ran al'ummarsu, ya zauna.

"Baba, ina kuke samun itacen?" na tambaya, kawu yana mayar masa da harshen Tuwi.

Ya ɗora hannu a kan gungumen ya ce sunansa sese. Fari ne, mai sauƙin sara, ga rashin nauyi. Zamanin iyayensa a dajin kusa ake saro shi. Yau sai an yi nisa, a biya mai gona, a biya mota. Da yawa cikinsu sun koma sidirela, bishiyar da aka kawo daga nahiyar Amurka ake dasawa. Masu sassaƙa ganguna ma haka suke fama da neman itacen tweneboa.

Washegari muka bi hanyar Akara zuwa dajin Bobiri, kusa da Kubease, wanda gwamnati ta keɓe. A can na ga bishiyoyin da ake kira odum da wawa da suka tsira, manya-manya, rana da kyar take ratsa ganyensu, malam-buɗe-littafi kala-kala suna yawo. Abin ya faranta mini rai, ya kuma dame ni, domin irin wannan daji ya yi ƙaranci a ƙasar. Gonakin koko sun ci nasu, ramukan masu haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, da ake kira galamsey, sun ci nasu. Tun 1998 Gana ta haramta tsaga katakon sayarwa da injin sarƙa, amma har yau ana ganinsa a kasuwa. A arewacin ƙasar kuwa madobiya ce ta sha sara ana lodinta zuwa Sin, yadda aka yi mata a Taraba, har yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin namun daji da tsirrai tsakanin ƙasashe, ta ƙara tsaurara cinikinta daga 2017.

Ni dai ban ga laifin dajin nan a wuyan masassaƙi ba. Gungumensa guda yana zama kujerar da jika zai gada, kuma shi ne farkon wanda ke ji a jikinsa idan bishiya ta ƙare. A 2021 Gana ta fara ware ranar dashen bishiyoyi ta ƙasa baki ɗaya. Da za a ji ta tawa, da an ba masassaƙan Ahwiaa fili da dashen sese da tweneboa su raina da hannunsu, tunda yaran da na gani suna goge kujeru a rumfar dattijon nan su ne za su neme su in sun girma.